Mai Gyaran Rediyo

Ni ne mai gyaran rediyo na bakin Babbar Kasuwa,
rumfa ta uku in ka wuce masu goro.
Akwatin da ya yi shiru, a kawo mani shi:
in hure datti, in ɗiga dalma, in murɗa,
sai ya yi kaki, ya ci gaba da labarun duniya.
Shekara goma sha tara ina mayar wa ƙarfe murya.

Sai ga Sahura,
ɗiyata, shekara huɗu, baki kamar kanari,
wadda ke gaida kowace akuyar Bagalam da sunanta,
ta tashi ran Talata ta ƙi kunu.
Ta ce, "Baba, akwai ƙaya."
Zazzaɓin ma bai kai a kira shi zazzaɓi ba.
Na ce mura ce. Na ba da dala ashirin a sayo lemun tsami.

Laraba wuya ya tashi.
Alhamis ya cike har haɓa,
ɗan murjanin da kakarta ta ɗaura mata
sai da muka sa reza muka yanke zaren.

Na kai ta wurin Ɗan Jimma wanzami a cire beli.
Ya danne harshe da bayan cokali, ya leƙa,
ya daɗe yana leƙe,
sannan ya mayar da aska cikin zabira.
"Wannan ba aikina ba ne. Duba."
Na duba.
Wata fata launin tokar murhu
ta manne a maƙogwaro, ta kusa rufe ƙofa.

Daren nan na san ƙarar numfashinta:
tashar da ke nesa,
tana zuwa, tana ɓacewa, shuu da ɗan fito.
Yatsuna suka tafi neman abin murɗawa.
Babu.

Kabu-kabu, kafin asuba, gidan likita.
Majo ta ce, "Mashaƙo ne. Ina karnenta?"
Barira ta kwance shi daga leda,
ba ta dube ni ba.
Gida uku. Hatimi ɗaya.
Sauran biyun fari fat.
Ni na san wanda ya bar su haka:
allurar farko ta sa jaririya kukan dare guda,
cinya ta ɗan kumbura, na kasa barci,
na ce, "Ba a ƙarawa."
Magana ɗaya, da ƙarfin mai gida,
na juya na ja bargo.

Suka killace ta. Magani ta jijiya,
mu ma kowa da ƙwayoyinsa, har yaran maƙwabta.
Majo ta ce ba wuya kaɗai ba ne,
cutar na zubar da dafi,
dafin na bin jini ya nemi zuciya.
A gadon gefen taga akwai yaro daga Jiratawa,
wuyansa ya saɓe, har ya fara neman ƙosai,
kwana na tara zuciya ta tsaya.
Ubansa ya naɗe tabarma.
Ban tambayi sunansa ba. Ya manta butarsa.

Sahura ta dawo gida.
Makonni, in ta kurɓi ruwa, ta hanci yake dawowa,
maganarta siririya, kamar batir ya kusa ƙarewa.
Akuyoyin ba su waiwayo ba da farko.

Yau Litinin ban buɗe rumfa ba.
Ƙanenta Harisu ya cika sati goma.
Ni kaɗai namiji bisa bencin mata,
suna dariya cikin mayafi. Su yi.
Allura ta shiga cinya,
ya tsala ihun da ya tada kurciyoyi daga dogon yaro.
Ban yi saurin rarrashi ba.
Na tsaya ina saurare, da kunnen sana'a:
murya tar, babu shuu ko kaɗan.

Hatimi na biyu. Saura ɗaya.
Ranar komawa na rubuta ta da alli
a jikin ƙofar rumfa, sama da sunayen masu bashi.